Hoton Musabahar da Ban Samu Ba

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata abubuwa suka fara lalacewa, kuma har gobe ranar ba za ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo wannan aiki bana kuna tambayata yadda ake samun tallafin bincike, bari in fara ba ku labarin yadda ake rasa shi.

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina kuma aikin sa-kai a wata ƙaramar ƙungiya a Yelwa mai aikin zaman lafiya tsakanin mabiya addinai. Ƙungiya irin tamu masu ba da tallafi na waje ke riƙe da ita, kuma duk shekara sukan turo jami'ar sa ido daga Abuja ta ga aiki da idonta. A shekarar sun ware gurbi guda na ɗalibi: su ɗauki nauyin digirinsa na biyu, shi kuma ya yi bincike a yankin. Za ka rubuta abin da kake son bincikawa, sannan jami'ar sa idon ta gan ka a fagen aiki ta ba da ra'ayinta. Inna ta riga ta gaya mini ƙarfinta ya ƙare a digirin farko, don haka gurbin nan shi ne kaɗai hanyata.

Na zaɓi wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji, gaba da Wara. Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni duk jirgi ɗaya suke shiga. Na rubuta cewa ba a taɓa jin kansu ba, kuma ina son gano dalili. Na je garin tun kafin nan, na gana da Liman a zaurensa, na gana da Fasto a gidansa, kowa ya yabi ɗan'uwansa.

Can aka shirya taron nuna wa baƙuwa aiki. A mota shugaban shirinmu, Malam Sanusi, ya juyo ya dube ni.

"Maryama, na san ko an matse ki ba za ki yi magana gaban jama'a ba. To aikinki ɗaya ne: hoto. Liman da Fasto, hannu cikin hannu, suna murmushi. Shi za mu sa a bangon rahoto."

An kafa rumfa a bakin ruwa, an kawo bencina daga coci, tabarmi daga masallaci. Fasto, wani dattijo mai furfura da ake kira Baba Ayuba, ya riga kowa zama a teburin manya, kusa da baƙuwar, Madam Felishiya. Goma da kwata Liman Malam Haruna ya ƙaraso. Yana hango wanda ke zaune a teburin ya ja ya tsaya, ya kewaya bayan rumfa, ya zauna a kan wani kifaffen kwalekwale.

Na same shi na durƙusa. "Allah gafarta Malam, an ajiye maka kujera."

"Nan ma ya yi, Malama."

"Kusa da Baba Ayuba take."

Ya sunkuyar da kai. "Na gani. Shi ya sa."

Madam ba ta jin Hausa, amma ta ga komai. Ta tambayi Malam Sanusi, wanda ya jiyo mu, me Liman ya ce, shi kuma ya fassara mata daidai, ta buɗe littafinta.

Aka ci gaba. A tsarin taron akwai inda kowane shugaba zai ambaci sunan ɗan'uwansa ya faɗi alherinsa guda. Baba Ayuba ya miƙe ya ce Haruna yaro ne mai kunya, ya zauna. Aka kai wa Liman abin magana har bayan rumfa. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Dattijon nan mutumin kirki ne."

"Sunansa, Malam," in ji Malam Sanusi. "Ka ambaci sunansa."

"Ai kowa ya san shi."

Mata suka fara rufe baki da gyale. Madam ta ƙara rubutu.

Sai abin da muka fi alfahari da shi, wato cin abinci a kwano ɗaya. Aka ajiye tuwon shinkafa da miyar kifi gaban Baba Ayuba, aka ce Liman ya matso. Aka duba kan kwalekwale, babu kowa. Nan wurin ya kece da dariya. Baba Ayuba kuwa ya wanke hannu ya ci abinsa hankali kwance.

Malam Sanusi ya jawo ni gefe, yana magana ta cikin haƙora. "Ke kika rubuta garin nan lafiya lau. Ga lafiyar nan muna gani!"

Na tattara duk ƙarfin halina na tambayi wata mai bandar kifi ko su biyun sun yi faɗa ne. Ta yi dariya har da dafa ni. "Faɗa? Kai, 'yan makaranta! Wai wa ya shirya wanga abu?" Kafin ta gama dariyar aka ce Madam na son a kama hanya da sauran rana. Na shiga mota da hotunan bencina da na kwanon tuwo.

Da rahotonta ya iso, ga abin da ke ciki: akwai ɓoyayyen rikici a garin, har shugaban wani ɓangare ba ya iya zama da na ɗayan, ko ambaton sunansa, ko cin abinci da shi. Saboda haka aka ƙara wa ƙungiyarmu shekara guda ta tallafi. Malam Sanusi ya wuni yana fara'a. Ni kuma aka rubuta cewa ɗalibar tana da natsuwa, amma ba ta iya gane rikici ko yana gabanta. Gurbin ya tafi ga wani.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni aka aika in gayyato Liman da Fasto zaman sasanci.

Na tarar da Baba Ayuba a ƙofar gida yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Wata mata sanye da hijabi ta kawo mini ruwa, ta ce, "Baba, baƙuwa ce?"

"Mai hoto ce," in ji shi. Ya nuna ta da haɓa. "Ɗiyata ta fari, Rahila. Ita ke ɗakin Liman."

Na ajiye ruwan. Suruki! Ni da na tashi a gidan da Babana bai taɓa cin ko gyaɗa gaban Kaka, mahaifin Inna, ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Mun tara jama'a, mun kawo baƙuwa tun daga Abuja, mun ce sai mutum ya zauna kafaɗa da kafaɗa da uban matarsa, ya kira sunansa a lasifika, ya sa hannu a kwanonsa.

Shi ya sa nake ce muku, a wannan aikin kowa ya iya tambayar mutum addininsa, kuma wanda ya zo neman rikici ba ya komawa hannu wofi. Kafin ku jera kujeru, ku tambayi wa ke auren 'yar wa.

Duk da haka na isar da saƙon, don aike aike ne. Na ce ƙungiya na roƙon su zo a sasanta su, su gaisa hannu da hannu ko sau ɗaya ne. Rahila ta shige gida tana dariya. Baba Ayuba ya ajiye komar ya dube ni.

"Ɗiyata, kullum da safe yaron nan na zuwa ƙofar ga ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni. Ki faɗa wa manyanki su ajiye sasancinsu. Ranar da kika ga Haruna ya miƙo mini hannu yana kallon idona, to ranar ku zo da gudu."