Littafin Yaya da Abokinsa Mai Dafa Wake

Sana'ata rubutun allunan shaguna ce, kuma tun ina ƙarami nake son littattafan labari cikin zane, waɗanda yara ke kira komik. Akwai wani mai sayar da tsofaffin littattafai kusa da tashar mota a nan Suleja, idan aka kawo masa irinsu yakan ajiye mini. Wata rana ya ba ni guda uku, duk na sojojin wata ƙasa ne da ke yaƙi a hamada.

A lokacin yayana bai daɗe da barin aikin soja ba. Ya yi shekaru a arewa maso gabas, ya dawo yana ɗingishi da ƙafar hagu, ya kama noman doya a wata gona ta hanyar Garam. Ba ya zancen can, mu ma ba ma tambaya. Na kai masa littattafan ne don ya rage zaman shiru, amma sai da na miƙa masa na ce a raina kada in tayar masa da abin da ya kwanta.

Yana zaune a gindin mangwaron gidansa bayan la'asar, ya duba su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Sai ya yi dariya.

"Waɗannan ba sa cin abinci ne?" in ji shi. "Shafi nawa, ban ga wanda ya wanke safa ba."

Na ce, "To Yaya, ka faɗa mini naku, ni kuma in zana."

"Me za ka zana? Zama ne da jira."

Duk da haka ranar Lahadi na zo da fensir da takardu. Ya fara da layin ɗiban ruwa, da yadda suke hawa kan motar yaƙi suna ɗaga waya sama don neman sabis. Na zana takalmin soja, ya ce ba haka ake ɗaure igiyar ba, ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa ya ajiye a gabana. Bindiga kuwa ko na karkata ta bai damu ba.

A mako na uku ya kawo zancen wani abokinsa, ɗan kudu, wanda ke dafa musu wake a cikin tsohon gwangwani. Yana koyon Hausa a wurin Yaya, amma kullum sai ya ce "ina kwana" da rana tsaka, a yi ta dariya. Yaya ya nuna mini hotonsa a waya. Sau huɗu ina zana fuskar yana girgiza kai.

"Kunnuwan sun fi haka fitowa. Kada ka yi masa kwaskwarima."

Da muka zo kan labarin ranar da motarsu ta taka nakiya, na tsaya ina jiran ya yi bayani. Sai ya ce in zana hanya kawai da motar a kanta, a akwatin zane na gaba kuma in zana fankar asibiti. Na tambaye shi abokin nasa fa. Ya ce ba ya cikin sauran shafukan.

Mun yi kusan wata huɗu kafin mu gama, don damina ta sauka, gona ta riƙe shi. Shafi ashirin da shida ne, na kai aka yi mana kwafi aka ɗinke. Matar Yaya ce ta fara karantawa, a zaune kan turmi a ƙofar kicin. Da ta gama ta ce masa, "Ashe kwana biyu kake tara caji don ka kira ni minti uku?" Ya ce ai ba wani abu ba ne. Ta shiga ciki da littafin, ba ta mayar ba.

Kwafi ɗaya Yaya ya ba wani direba da ke zuwa kudu, ya kai wa matar da abokin nan mai dafa wake ya bari. Da yake ba ta jin Hausa, sai da na bi kowane shafi na rubuta Turanci a ƙasa da jan biro. Bayan mako biyu ta kira, ina wurin. Sun daɗe suna magana da Turancin buroka, na ji Yaya yana dariya. Da ya ajiye wayar ya ce mini tana son ƙarin kwafi ɗaya saboda mahaifiyar mijin, wadda ba ta iya karatu ba amma ta gane ɗanta tun a shafin farko da ya fito. Washegari na koma wurin masu kwafi, na ce su yi a takarda mai kauri.