Layin ƙarshe na Frederick

Masahudu ɗan unguwar Zogbeli ne, ɗan mai gyaran keke. Da an bar shi da ubansa, da yau faci yake yi a bakin titi. Amma Allah ya ba shi yatsu masu sauri, ya koyi tafireta, har wani aikin gona na Turawa da ke wajen Gumani ya ɗauke shi. Ya sha yunwar shekarar tamanin da uku kamar kowa, ya fito ƙashi da rai. Ba mai surutu ba ne, ga taurin kai, wanda matarsa Sanatu ke cewa gadon gidansu ne.

Shekaru kaɗan bayan yunwar aka kawo kwamfuta ofishin, aka kawo mai kula da ita daga kudu, wani Kirista siriri mai dariya, Frederick. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Suka shaƙu a kan kwano ɗaya na tuwo, har Sanatu ta riƙa ƙara mudu saboda shi.

Manhajar rubutun da ke cikin kwamfutar tana karɓar ƙari: kana iya rubuta mata ɗan fayil, ta koyi abin da ba ta iya ba. Frederick ya koya wa Masahudu ƙa'idar. A saman fayil ka ambaci fayilolin da ka dogara da su, a can ƙasa kuma ka sa layi ɗaya mai shaida cewa wannan fayil ya kammala, an bayar. In babu layin, manhajar za ta karanta har ƙarshe, sannan ta tsaya ta yi ƙorafi.

"Wannan layi, mai aiki ne ya sa," in ji Frederick. "Ba wani ba kwaraa, sam. Ni na fara, ni na rufe."

Burinsu su buga littafin yaƙi da jahilci da harshen Dagbanci, don manoman Gumani. Frederick ya rubuta fayil ɗin haruffan da tafireta ba ta da su, Masahudu ya rubuta na tsara shafi, wanda ya dogara da na abokinsa. Saura layin ƙarshe a fayil ɗin Frederick aka aiko cewa uwarsa ba lafiya.

"In na dawo na duba, na rufe," ya ce. "Ka gaya wa Sanatu ya ajiye mini miya."

Motar da ya shiga ta kife a hanyar Kintampo. Labarin rasuwarsa ya zo, mutanen cocinsu suka tafi jana'iza suka dawo, Masahudu ya ce shi bai ga kabari ba. Kullum da safe sai ya kunna kwamfutar, ta karanta aikin Frederick tas, ta tsaya ta ce ba a rufe ba. Sai ya gyaɗa kai ya koma kan tafireta. Ya san layin sarai, ko ido rufe zai rubuta shi. Abin tausayi, wannan ƙorafin ne kaɗai ya rage yana jiran Frederick tare da shi.

Sai aka ce aikin gonar zai tashi, za a kwashe kwamfutar a ƙarshen wata. Malamin da zai koyar da manoman ya zo a kan keke, ya ce rani na wucewa, in damina ta sauka ba wanda zai zauna karatu. Sanatu ce ta faɗa masa gaskiya a gida.

"Ba don manoman nan Frederick ya yi wahalar ba? Kai ka riƙe masa aiki, ba shi ba."

Washegari ya zauna a kujerar Frederick, wadda bai taɓa zama a kai ba. Ya gangara ƙasan fayil ɗin, ya rubuta layin. Ya kunna.

Haruffan suka fito reras, shafi bayan shafi. Masahudu ya zuba ido yana jiran ta tsaya, ba ta tsaya ba. A nan ya kifa kai a tebur, ya yi kukan da bai yi ba ranar da labari ya zo.