Kiɗan da 'Yata Take Ji da Tafin Ƙafa

Ko zan manta da komai na zamanmu a Kuala Lumpur, ba zan manta da wata Asabar ba, bayan la'asar, a falon maƙwabtanmu. Amma bari in fara da damuwar da nake ɗauke da ita tun kafin ranar.

'Yata ta kai shekara biyu da wata bakwai ba ta ce "Mama" ba. Maigidana yana karatun digiri na uku, da sassafe yake hawa jirgin ƙasa ya tafi makaranta, sai magariba. Ni da ita muke wuni a hawa na tara a unguwar Wangsa Maju. A firamare karatuna ya tsaya, amma Allah Ya yi ni da lura. Na ga in na kira ta daga kicin ba ta waigowa. Sai in yi mata gwaji irin nawa, in lallaɓo ta bayanta in saki taɓarya a ƙasa. Firgigit sai ta juyo, ni kuma in sauke ajiyar zuciya in ce tana ji. In surukata ta kira a waya ta ce, "Har yanzu takwarar tawa ba ta buɗe baki ba?" sai in ce, "Yaruka ne suka yi mata yawa, Hajiya. Hausa a gida, Malayanci a waje." Ita nake faɗa wa, amma kaina nake rarrashi.

Babbar hujjata kuwa ita ce kiɗan maƙwabta. Bangonmu ɗaya ne da wani dogon dattijo Bamalaye da matarsa. A can ana ce wa dattijo Pakcik, dattijuwa Makcik, don haka nake kiransa Pakcik Dogo a raina. Duk Asabar abokinsa yake zuwa, Pakcik Gajere, saɓe da wata doguwar jaka. Dukansu tun suna samari suke kaɗa jitar bes, wato mai tsirkiya masu kauri, wadda muryarta take fita can ƙasa kamar rugugin hadari daga nesa. Da sun fara, 'yata za ta bar abin da take yi ta je ta kwanta a jikin bango, kumatunta a kan tayil, tana murmushi. Wa zai ga haka ya ce yarinya ba ta ji?

Makcik ce ta ba ni labarinsu, da ɗan Malayancin da na tsinta da ɗan Turancinta. Ta ce shekara arba'in suna abota, shekara arba'in suna gardama ɗaya. Duk kiɗan rok suke so, amma Dogo na tsohon yayi yake so, wanda waƙa ba ta wuce minti huɗu. A wurinsa mai bes harsashin gini ne, ya tsaya kusa da mai ganga ya riƙe kiɗa, kada ma a san yana nan. Gajere kuwa nasa ana ce masa furogiresif, su kuma suna gajarta shi. Da na ji sunan a bakin Makcik sai na ji kamar ta ce "firog", kalmar Turanci ta kwaɗo da na tuna tun aji uku. Na wuni ina mamaki, da maigida ya dawo na ce, "Abban Hajiya, ashe mutanen nan har kiɗan kwaɗi gare su?" Ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Ko ta bango ina bambance su. Na Dogo kamar dakan mace ƙwararriya ne, dum, dum, dum, ba ya kuskure. Na Gajere kuwa kamar ka bi mace sayen yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman: ta shiga wannan shago, ta fito, ta koma na baya, ta tsaya cak, ta ruga. Waƙa ɗaya sai in gama wanke-wanke in ɗora tuwo ba ta ƙare ba.

Ranar da nake ba ku labari, na je mayar wa Makcik da kwanonta da ta ba mu shinkafar kwakwa, na zuba mata waina a ciki. Tana buɗe ƙofa 'yata ta sulale ta ƙarƙashin hannuna ta shige. Na bi ta ina ba da haƙuri, Makcik ta ce, "Boleh, boleh," wato ba komai, "shigo ki zauna." Dogo ne yake kaɗawa, akwatin sifika a ƙasa kusa da ƙafarsa. Yarinya ta tsaya gaban akwatin ba takalmi, ta fara dira daidai da kiɗan, ba ta saɓa ko sau ɗaya.

Dogo ya washe baki. "Ka gani ko, farfesa? Jaririya ma ta san kiɗan gaskiya."

"Dole ta sani," in ji Gajere. "Kiɗan naka ai dama na 'yan shekara biyu ne. Tsirkiya huɗu gare ka, ɗaya kake taɓawa. Sauran ukun ka ba Makcik ta yi shanya."

"Kai da kake da shida me ka tsinana? Ranar bikin ƙanenka ka kaɗa waƙa ɗaya, kafin ka gama abinci ya huce, amarya ta yi gyangyaɗi."

"Ba ni wayar sifikar nan, alƙali ta ji nawa."

Ya jona jitarsa. Yatsunsa suka haura can saman wuyanta, inda muryar take sirancewa ta koma kamar mutum yana rera waƙa. Wallahi ko ni da ban san kan abin ba sai da tsigar jikina ta tashi. Amma 'yata ta tsaya kamar an ɗauke wuta. Ta dubi akwatin, ta dafa shi, sannan ta juya ta tafi wajen kyanwar Makcik.

Dogo ya buga cinya. "Alƙali ta yanke hukunci! Tattara kayanka!"

Ni ma na yi dariya. Gajere ne kawai bai yi ba. Idonsa yana kan bayan yarinyar. Ya daki tsirkiya mafi kauri sau ɗaya, ta waigo. Ya jira ta koma kan kyanwa, ya kaɗa siririyar da ƙarfi, har ni sai da na runtse ido. Ko motsi ba ta yi ba. Sai ya tashi ya ɗauki akwatin ya ɗora a kan kujera mai katifa, ya ce wa Makcik ta ɗauki yarinyar a cinya ta juya ta wajen taga. Ya sake dukan mai kaurin. Hajiyata tana ta kallon ruwan da ya fara sauka, ƙafafunta suna lilo a sama.

Dogo ya ajiye jitarsa a hankali.

Gajere ya dube ni ya ce, "'Yata, yarinyar nan tana ji?"

Na ce, "Tana ji mana! Ba ka ga rawar da ta yi ba?"

Ya ce, "Dengar," ya taɓa kunnensa, "ko rasa?" ya dafa ƙirjinsa.

Nan ne na gane abin da yake nufi. Su kalma biyu gare su, ta jin kunne daban, ta jin jiki daban. Mu kuwa guda ɗaya ce: ka ji magana, ka ji sanyi, ka ji ƙamshi, ka ji girgizar ƙasa. Wata da watanni ina cewa tana ji, kuma ban yi ƙarya ba. A cikin kalmar nan na ɓuya. Taɓaryata ma ba ƙararta take ji ba, dirarta a kan tayil take ji.

Gajere ya sa hannu bayan kunnensa ya ciro wata 'yar na'ura kamar ƙwayar wake. Ya ce shekarun tsayuwa kusa da sifika ne suka cinye masa kunne, kuma siraran muryoyi ne suka fara ɓace masa. Ya ce, "Ni ba likita ba ne. Ki kai ta a duba."

Kunya nake ji in na tuna abin da na yi. Na fizge 'yata daga cinyar Makcik na fice, ko sallama babu. Haushinsa nake ji, don ya faɗi abin da na hana kaina faɗi.

Da maigida ya dawo na gaya masa ina kuka, ina jiran ya ce me ya kai ni. Sai ya ce, "Ni ma na lura. Ina tsoron tayar miki da hankali ne." Ashe mu biyu muna gida ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya.

Mun kai ta asibiti. Likita ta ce kunnuwan suna ɗan kama murya mai kauri in ta yi ƙarfi sosai, amma yawancin maganar mutane ba ta isa gare su. Ta ce gara da muka zo yanzu, don wannan ne lokacin da harshe yake kamawa. Aka sa mata na'ura a kunne biyu, aka haɗa mu da mai koyar da magana. Ba dare ɗaya abin ya zo ba, mun sha wuya. Amma yau in ta fara surutu sai na roƙe ta ta bari in yi salla.

Bayan an sa na'urar na soya waina na je ba Gajere haƙuri. Bai bari na gama ba, ya jona jita ya haura can sama, wurin siraran muryoyin nan. Yarinya ta saki kyanwa. Ta juyo a hankali, ido waje, tana neman inda abin yake fitowa, har ta je ta tsaya a gabansa.

Dogo ya share ido da gefen zanin da mazansu suke ɗaurawa ya ce, "An saye alƙali."

Na koyi cewa tsoron da na ƙi kira da sunansa bai tafi ko'ina ba, lokacin 'yata kawai yake ci. Da Gajere ya yarda an kayar da shi ya yi dariya kamar kowa, ban san wata nawa zan ƙara ina sakin taɓarya ba. Don haka ina roƙonku, iyaye 'yan'uwana: in ɗanku ya yi jinkirin magana kuka ce ai yana ji, ku tsaya ku tambayi kanku, da me yake ji? In kun yi shakka ko kaɗan, ku kai shi a auna kunnen, kada ku jira.