Ƙofar Zauren Alhaji Maigyaɗa

Layinmu a Tibiri, da muna yara, duk tsofaffin gidajen ƙasa ne, masu zanko da indararo, kuma kowanne da labarinsa a bakin kakata Iya. Lokacin ɗari, da an ci tuwo bayan magariba, sai ta jawo garwashi tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Ba ruwanta da gizo. Takan ce, "Mi zan yi da gizo, ga mutanen layin nan?"

Labarin da muka fi roƙo shi ne na zauren Alhaji Maigyaɗa, wanda muke wucewa in za mu lakol, makarantar boko. Ƙofarsa gajera ce, gefenta na dama a fafe, kamar an yi wa tulu wurin zama.

Iya ta ce da gangan Alhaji ya sa magina su gajarta ƙofar, don duk mai zuwa wurinsa ya shigo a duƙe. Shi kuwa ba ya fara gaida kowa. Mutane na yaɓe sau ɗaya kafin damina, shi sai sau biyu, kada bangon wani ya fi nasa kauri. Kowace shekara ƙofa na matsewa da yatsa guda, Alhaji na ƙaruwa da tafin hannu.

"Ran wata Juma'a, ƙawata," in ji Iya tana ɓare mini gyaɗa, "ya sha riguna uku, za shi masallaci. Kai ya fita, kafaɗu suka fita, sauran ya ce ba ya zuwa."

Ga Alhaji a duƙe, fuska ga titi, jama'a na wucewa. Wata mai tallan nono ta sauke ƙwarya ta ce, "Alhaji, yau ni aka duƙa wa? Tashi haka nan, na amsa."

Aka kira sarkin magina. Ya duba gaba, ya zagaya ya duba baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, biyu ce: ko a fafe ƙofa, ko a jira ka rame."

"Kada wanda ya taɓa mini ƙofa."

Mutanen gida suka yi ta zuba man gyaɗa suna turi, riguna suka shanye. Sai aka ji kiran salla na biyu. Alhaji, da duk halinsa, Juma'a ba ta taɓa wuce shi ba. A hankali ya ce wa sarkin magina, "Fafe." Ya samu sahun ƙarshe, a rana, yana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Tun daga ranar shi ke fara gaisuwa.

A nan Iya kan share ido da bakin zane, ta ce, "Allah ya jiƙan shi." Ubanta ne. Ita ta riƙe kwalbar man.

Da muna yara makalewar kawai muke wa dariya. Sai da na girma na ga yadda girman kai ke shiga mutum, yatsa guda a shekara, kuma da sunan gyara. Na kuma ga cewa da aka zo zaɓi, sallarsa ya ɗauka. Don haka ba na manta shi a addu'a.

Gidajen layin da yawa sun koma siminti, amma jikokinsa na yaɓe zauren, suna barin gefen a fafe. Bara na je barka gidan, bayan haihuwata ta shida. Na duƙa, na karkata, na yi bismilla. Wurin ya yi mini daidai, kamar ni aka auna.