Agogon Kwamfuta Ya Hana Ni Cin Sunan 'Yata

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina kula da kwamfutocin wani asibitin kuɗi a Garki, aka ɗauko mana ƙwararriya kan tsaro, wata madam 'yar Filato. Ta zo da doka guda: babu manhajar da za ta karɓi saƙon wata sai ta ga katin shaidarta. Manhajar ɗakin gwajin jini da ta likitoci, ni na haɗa su da hannuna, sun daɗe suna aiki lafiya, amma wai kowace gaisuwa sai an duba kati. Na yi mita har na gaji.

Ranar sunan 'yata ta fari, ina gida Gwagwalada cikin sabuwar shadda, liman ya zauna ke nan, sai ga kiran oga. Sakamakon gwaji ya daina isa wurin likitoci, ga wata mata ana jiran nata a shiga da ita tiyata.

Na kira madam. "Don Allah ki kashe binciken katin nan, in an shafa fatiha zan taho."

"Barka da suna, ɗan'uwa," in ji ta. "Amma ba zan kashe ba. Sakamakon matar nan na riga na kai wa likita da ƙafata. Sauran sai ka zo."

Na raɗa wa yayana sunan a kunne, na faɗa mota. Cunkoson hanyar filin jirgi ya riƙe ni, ina gumi cikin babbar riga, ina ta masifa ni kaɗai.

Da na isa, babu ɓarawo, babu ɗan kutse. Wuta aka ɗauke da safe, batirin agogon babbar kwamfutar kuma ya mutu, ta farka tana zaton muna shekarar da aka ƙera ta. Duk katin da aka nuna mata, sai ta duba kwanan watan da ke jikinsa ta ce lokacinsa bai zo ba. Batirin nan bai fi maɓallin riga ba!

Na koma gida an feɗe rago, jama'a sun watse. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Wa kake nema?"

Yau duk inda na kama aiki, ni ke kafa dokar nan, don sirrin marar lafiya ba abin sakar wa kowace manhaja ba ne. Amma haushin bai huce ba. Kwanaki yarinyar tana duba hotunan sunanta, ta ce, "Baba, kai ina ka je?" Na ce na je gaya wa kwamfuta kwanan wata.