Yana Cikin Kore

Shekara goma sha ɗaya na yi ina goge-goge a wani ƙaramin asibiti a unguwar Kurayyat da ke Jidda, kuma wallahi rabin likita nake ganin kaina. A bangon ɗakin awo akwai wata takarda mai launi uku. Ka hau mizani, a auna tsawonka, sai a bi da yatsa zuwa inda tsawo da nauyi suka haɗu. Kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja kuwa sai addu'a. Ni ke goge ta kowace safiya, har na haddace ta.

Ɗana na fari shekararsa ashirin da biyu a lokacin. A Jidda aka haife shi, yana tuƙa wa kafilinsa, wato ubangidansa Balarabe, motar raba ruwa. Ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso a ƙauyenmu can Nijar, ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a nuna damuwa da shi a gaban mutane. "Kai" nake ce masa. Shi kuwa da iya shegen 'yan Jidda sai ya ce, "Yumma, wai sunan nan nawa haramun ne?" In kai masa duka da mafici, ya kauce yana dariya.

Wata rana ya biyo ɗaukata daga aiki. Kafin in gama shara ya haye mizanin don wasa, na bi takardar da yatsa na ce masa kore ne. Likitar da ke bakin aiki wata Baturkiya ce, ba ta daɗe da zuwa ba. Ta tsaya tana kallonsa: hannuwa sirara, ga tumbi a gaba, ga gorar ruwa ya kusa shanyewa. Ta ɗauko igiyar awo ta zagaya cikinsa, ta tambaye shi sau nawa yake fitsari a yini. Ni dai na juya baya ina goge tagar da na riga na goge.

Da ya fita tayar da mota, ta ce da ni da Larabcinta mai tauri, "Khala, ɗanki ne?"

Na ce, "Yaron gidanmu ne."

"Ki kawo shi gobe kafin ya karya kumallo, in duba sukarinsa."

Na nuna mata bango. "Daktora, ai yana cikin kore. Ni da kaina na duba."

Ta girgiza kai. "Da jikin wasu mutane aka auna takardar nan, ba naku ba, ba namu ba. A ƙasarmu ma na sha ganin samari suna cikin kore, kitse yana cinsu ta ciki. Kowace al'umma da nata awon. Ki kawo shi."

Raina ya ɓaci. Yarinyar da na kusa haifa, ko Larabci bai zauna a bakinta ba, ita ce za ta ƙaryata takardar da na tsufa ina gogewa? Na ce "Tayyib," na suri jakata. Amma ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: kunya ce ta hana ni. In riƙo ɗan fari in kai shi gaban likita, matan garinmu masu shara suna kallo? A mota, idona na kan titi, na ce, "Kai, wai likita ta ce ka zo a duba ka." Ya ce, "Halas, shi ke nan, Yumma, ba kin ce kore ba?" Ban sake ɗaga maganar ba. Sau biyu Baturkiyar tana tare ni, ina ce mata aiki ne ya yi masa yawa.

Sai ya fara ramewa. Maƙwabciyata a unguwarmu ta Madain Fahd, Bahaushiyar Sudan, ta ce ai madida ce maganinsa, wato kunun hulba da man shanu da sukari. Na riƙa damawa, sukari cokali uku, wani lokaci huɗu. Ba na miƙa masa da hannuna, sai dai in ajiye a ƙofar ɗakinsa in wuce. Kaico! Kullum sai ya shanye tas, ya ce duk Jidda babu mai hannun Yumma.

Wata rana da la'asar ya yanke jiki ya faɗi a unguwar Ammariyya, yana sauke gorunan ruwa. Na iske shi a babban asibiti, an sa masa robobi, numfashi sama-sama. Likitan can ya ce sukari ne, ya daɗe yana cinsa, me ya hana a kawo shi da wuri? Ya tambaya wace ce uwarsa. Na ce ni ce, da ƙarfi, a gaban kowa.

Na sunkuya saitin kunnensa na kira sunansa. Na sake kira, na sake, har mata suka riƙe ni. Sau nawa ya roƙe ni wannan cikin wasa, ga shi na yi bai ji ba. Washegari bayan azahar aka yi masa salla.

Da na koma aiki Baturkiyar ta rungume ni. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Takardar tana nan inda take. Na ƙara shekara huɗu ina goge ta, kuma kullum sai tsummana ya tsaya a inda tsawonsa da nauyinsa suka haɗu, a tsakiyar kore.