Ƙugiyoyin Kariyar Bulus

Da sunan Allah nake farawa, kuma shi ne shaidata cewa abin da zan faɗa muku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu. Shekarun baya ne, lokacin ina tuƙi a wani kamfanin robobi a Sharada, muna ɗaukar bokitai da bahuna da butoci muna kai wa diloli a Dakata da Na'ibawa da cikin gari. Wanda ya san kayan roba ya san ba nauyi gare su ba, cin wuri ne da su, don haka direban da motarsa ke da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na saman rufi, shi ne ɗan gaban goshin manaja, saboda abin da wani zai kai a sawu biyu shi a sawu ɗaya yake gamawa.

A duk kamfanin mota ɗaya ce ke da kariya ta kirki, wata farar bas da aka sayo da kariyarta tun daga waje, kuma Bulus ke jan ta. Bulus mutumin Filato ne, dogo sosai, ya girme ni, ya kuma riga ni shiga aikin. Ni kuwa wata tsohuwar akori-kura aka ba ni, wadda sai an tura take tashi da safe. Ba zan ɓoye muku ba, duk sanda ya fito daga get da bokitai jere a sama kamar hasumiya, ma'aikata suna ɗaga masa hannu, sai kishi ya taso min, in yi ta a'uziyya a zuci. Bai taɓa yi min komai ba, wallahi, sai ma tsokana. Alaramma yake kirana, don ya ga ina rubutun ajami, kuma duk kamfanin shi kaɗai ke kirana haka.

Shi ma fa yana da nasa kishin, a kan kariyar nan. Ko masu lodi ba ya bari su taka ta da takalmi. Wasu ƙugiyoyi ne na baƙin ƙarfe ke riƙe ƙafafunta a gefen rufin, kowace da notinta, kuma babu irinsu a kasuwa. Wata rana ya zo min da gwangwanin jan fenti da tsinke.

"Alaramma, zo ka yi min rubutunku a jikin ƙugiyoyin nan."

Na ce, "Oga Bulus, aya kake so in rubuta a ƙarfen da ake shafa wa baƙin mai? Allah ya kiyaye."

"Wa ya ce maka aya? Sunana kawai. Ɓarawon ƙarfe in ya ga rubutun nan zai ɗauka asiri ne, ya bar min abina."

Na yi dariya na rubuta masa, ina rubutawa ina cewa a raina, mota ba tawa ba, amma hannuna ne zai tsare ta.

Akwai wata al'ada da muke da ita a lokacin. Ranar Juma'a in mu Musulmi mun tafi masallaci, har da maigadi, Bulus ne ke zama a farfajiya ya tsare motoci. In mun dawo mukan same shi ya shimfiɗa tsumma, ya jera notuna a kai daga babba zuwa ƙarami, yana goge su ɗaya bayan ɗaya.

To, a ƙarshen wata shekara aka kai bas ɗin fenti a wani gareji a Bompai. Bulus da kansa ya kwance kariyar ya ajiye a sito, ya tafi gida hutun Kirsimeti. Bai dawo ba. Ciwo ya kama shi a can, sai labarin rasuwarsa muka ji. Na yi jimami, Allah ya sani, amma da manaja ya kira ni ya miƙo min makullin farar bas, murna ce ta rufe ni. Akwai wani direba, Rabi'u, da shi ma ya sa rai, tun daga ranar gaisuwarsa ta koma ta ciki-ciki.

Aka fito da kariya daga sito, sai babu ƙugiyoyi. Muka birkice siton nan kaf, na je Bompai na tambayi masu fenti suka ce su mota tsirara aka kawo musu, na shiga kasuwar ƙarafa ta Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, kowa ya dubi ƙafar kariyar ya girgiza kai. Aka yi wa iyalinsa waya, matarsa ta ce jakar kaya kawai ya zo da ita. Daga ƙarshe wani mai walda a hanyar Challawa ya lanƙwasa min wasu ƙarafa, ya huda su, suka kama ba laifi. Na fara lodi a sama, ni ma aka fara ɗaga min hannu a get.

Ranar Juma'a muka tafi masallaci, maigadi ya kulle get tunda yanzu babu mai zama. Muna dawowa na tarar da kariyar zaune a rufi babu abin da ke riƙe da ita. Ƙarafan mai walda kuwa suna kan kujerata, an jera su a kan tsumma, notuna daga babba zuwa ƙarami. Motar a kulle, makulli a aljihuna. Kafin in mayar da su in yi lodi, manyan motocin dilolin Dakata sun tashi ba kayanmu. Juma'ar da ta biyo baya ma haka. Manaja ya fito yana huci.

"Malam, diloli ba sa jiran kowa. In aka sake, ka ba Rabi'u makullin, ka koma akori-kurarka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun mutum ne a ciki."

Rabi'u yana gefe yana sakace haƙori, ya ce, "Hannun wa, Malam? Ai sahu ɗaya muka yi sallah, kafaɗata a jikin taka. Wata motar ce dai ba ta karɓar kowane direba."

Gaskiya ya faɗa, tare muka yi sallah, amma zuciyata ta ce ai yana iya sa wani. Kuma maganarsa ta ƙarshe ta fi komai ƙona min rai.

Sai na yi dabara. Ba zan bar Juma'a saboda mota ba, amma akwai wani masallaci a can ɓangaren Sharada da ke riga namu tayar da sallah. Na roƙi maigadi makullin ƙaramar ƙofa, na je can na yi sallata, ana sallamewa na dawo da sauri. Farfajiya tsit, injina a kashe, rana ta take, daga nesa ana jiyo huɗubar masallacinmu a lasifika.

Sai na hango ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin bas ɗin ta baya, dogaye, da takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Raina ya ɓaci, na ce yau na kama ɗan aiken Rabi'u. Na matsa na ce, "Kai! Fito nan, wa ya aiko ka?"

Sai aka amsa daga ƙasa, a natse, da Hausar nan ta mutanen Filato.

"Alaramma, ƙarfen walda ka sa mata? Zai ci mata gefen rufi."

La'ilaha illallahu! Jama'a, muryar Bulus ce. Ban san sanda na tsuguna ba, bakina yana karanta Ayatul Kursiyyu da kansa, kuma tsugunawar ce ta sa idona ya kai ƙarƙashin motar. Babu kowa. Babu ƙafafu, babu takalmi, ko alamar kwanciya babu a ƙasa. Abin da na gani kawai shi ne bakin wani ƙunshin tsumma yana leƙowa daga saman tayar safaya, an ɗaure shi da waya.

Na daɗe kafin in iya miƙa hannu. Da na kwance, ƙugiyoyin ne, cif, da notunansu, ga jan rubutuna a jikin kowace, sunan Bulus da ajami. Motar nan ta sha hanya da ruwa da taɓo tun bayan tafiyarsa, amma tsumman a bushe yake, man da ke jikinsu kuwa sabo, har yana danƙo a yatsa. Da na leƙa ta gilashi, ƙarafan mai walda suna kan kujera a jere, kamar kullum.

Ko da mutane suka dawo sun same ni a saman mota ina ɗaure noti na ƙarshe. Rabi'u ya ɗaga kai ya ce, "A ina ka samo su?" Na ce a jikin motar suke. Ya juya ya tafi. Kayan Dakata suka isa a kan lokaci, makulli ya zauna a hannuna, kuma kariyar ba ta sake motsi ba har na bar kamfanin.

Na san abin da aka karantar da mu, wanda ya mutu ya tafi, ba ya dawowa gyaran mota. Na tambayi wani malamina, ya ce aljani yana iya ɗaukar murya da siffa, in riƙa azkar in bar bincike. Na riƙe, na bari. Amma ga abin da ban gaya wa malamin ba. Ni gajere ne, kujerar direba gaba nake jawo ta sosai. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci na buɗe motar da makullina, sai in tarar an tura kujerar baya har ƙarshe, an ɗaga madubi daidai idon dogon mutum. In gyara, in yi bismilla, in tayar. Tsoro na ji, ba shakka, amma wallahi har da haushi, domin duk shekarun da na yi ina jan farar bas ɗin nan ban taɓa jin tawa ce ba, kullum ji nake aro aka ba ni zuwa Juma'a.

Shawarata gare ku, in aka miƙo muku kayan aikin wanda ya rasu, kada ku yi saurin murna, kada kuma ku yi saurin sauya masa abin da ya saba. Ku tambayi yadda yake riƙe da abinsa, ku riƙe shi haka. Ni dai har yau in na shiga mota na ji ƙafata ba ta kai totur ba, ba na waiwayawa baya sai na gama addu'a. Allah ya sa mu cika da imani.